Wata Goma Sha Bakwai a Kan Geron Gonarsa

Ya'u ɗan Magama ne, manomi ɗan manomi, gajere kakkaura mai faɗin kafaɗa. Shekarunsa sun ɗan haura hamsin lokacin da wannan abin ya same shi. Ba shi da yawan magana, ba ya shiga sabgar kowa, amma daga Magama har cikin garin Jibiya an san shi da hali guda: in ya ce a'a, ko liman aka ɗauko sai dai ya koma da haƙuri. Matarsa Hajjo takan ce ita dutse ta aura, sai dai dutsen da ba ya danne kowa.

Gonarsa gado ce, jigawa mai faɗi wadda kakan ubansa ya sare da hannunsa. Fiye da shekara ɗari da suka wuce, Turawan Ingila da na Faransa suka zo da dawakai da igiyar awo, suka kafa wani sandan ƙarfe a cikinta, wanda mutanen wurin ke kira tangaraho. Suka ce daga sandan zuwa kudu ƙasar Ingilishi ce, zuwa arewa ta Faransa. Ba su tambayi mai gona ba, shi ma bai tambaye su ba. Ruwa na sauka ya shuke ta duka, kaka na yi ya kwaso hatsinsa zuwa gida. Turawa suka tafi, aka ce yanzu Nijeriya da Nijar ne. Soja suka hau suka sauka, farar hula suka hau suka sauka, gona tana nan yadda take, fiye da rabinta a Nijar, rumbun mai ita a Nijeriya. Haka Ya'u ya taso ya tarar, haka ya ci gaba. Jandarmomin Nijar masu sintiri ta wurin sun san shi, sukan tsaya su sha ruwa a gorarsa su wuce.

Abin alfaharinsa shanun huɗa ne guda biyu, Jatau da Ɓaleri. Tun suna maruƙa ya sayo su a kasuwar Jibiya, shi ya hore su, shi ke ba su dusa da kanwa da hannunsa. Da su yake huɗa, da su yake jan amalanke.

Cikin daminar 2019 gwamnati ta rufe kan iyaka ruf, aka ce shinkafar waje da makamai ake son tarewa. Ya'u ya ji a rediyo, ya ce wannan maganar 'yan kasuwa ce, shi ba ya saye ba ya sayarwa. Aka kawo sababbin jami'ai daga nesa, waɗanda ba su san kowa ba, ba su san gonar kowa ba, aka zuba su a hanyoyi da burtaloli.

Ranar wata Laraba cikin kaka, da hantsi, ya ɗoro dammunan geronsa a amalanke ya nufo gida. Bai yi nisa da tsallako tangaraho ba sai ga wata mota a-kori-kura ta sha gabansa, mutum huɗu masu kaki suka diro da bindigogi. Babbansu yana jin Hausa sama-sama.

"Daga ina?"

"Daga gona, yallaɓai."

"Wace gona?"

Ya'u ya juya ya nuna da sandan korarsa. "Ga ta can, kana hangen karan."

"Can Nijar ne."

"Can gonata ce."

"Ina takarda?"

"Takardar me? Gero na shuka, gero na girbe, rumbuna zan kai shi."

Ɗaya daga cikinsu ya matso ya raɗa masa cewa in ya ba da na goro za a kau da kai, ya wuce. Ya'u ya dube shi sama da ƙasa. "In sayi geron gonata daga hannunka? Kai ka yi mini noman fari ko kai ka yi mini maimai?"

Mari ya fara sha kafin ankwa. Aka jefa shi bayan mota, biyu daga cikinsu suka kora shanun a ƙasa suna dukansu da gindin bindiga. Abin da Ya'u ya fi tunawa da ranar nan ba marin ba ne. Ɓaleri ne da ya yi ta waiwayowa yana neman mai shi.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe, su ashirin da wani abu, bokiti ɗaya. Ba wanda ya faɗa masa laifinsa. Hajjo ta zo da tuwo sau uku, sau uku ana karɓar kwanon a koro ta. Rana ta biyar aka fito da shi, aka ajiye masa takarda cike da rubutun Turanci, aka ce ya dangwala yatsa.

"A karanta mini."

"Maganarka ce muka rubuta."

"Ni ban yi magana ba. A karanta mini da Hausa in ji abin da na ce."

Ba a karanta ba. Mutum biyu suka riƙe shi, na uku ya murɗe babban yatsansa ya tsoma a tawada ya danna a ƙasan takardar. Sai bayan fiye da shekara ya san abin da ke ciki: wai ya amsa da bakinsa cewa shi ɗan fasa-ƙwauri ne, wai wani alhaji a Maraɗi ke ba shi hatsi yana shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, wai ya yi sawu ya fi talatin.

Rana ta goma sha biyu aka kai shi wata kotun majistare a Katsina. Ya yi murna da ya ga alƙali, ya ce a ransa yau gaskiya za ta yi halinta. Aka karanta tuhuma, tafinta ya fassara masa rabi ya haɗiye rabi. Ya'u ya buɗe baki zai yi bayani, aka ce ya yi shiru, ba a tambaye shi ba. Alƙali ya rubuta abin da zai rubuta, sannan ya ce wannan kotu ba ta da hurumin sauraron irin wannan ƙara, ta babbar kotu ce. Saboda haka a kai wanda ake tuhuma gidan yari ya jira, har masu gabatar da ƙara su gama shiri.

Ya'u bai yi boko ba, amma nan take ya ga ramin da ke cikin maganar. Ya ɗaga murya ya ce, "Ranka shi daɗe, in ba ka da ikon jin maganata, ina ka samo ikon ɗaure ni?"

Aka buga tebur. Gandurobobi suka ja shi waje. Duk zaman bai kai tsawon shan kofin shayi ba.

A gidan yari ya tarar da cewa ba shi kaɗai ba ne. Yawancin mutanen da ke ɗakin da aka sa shi ba wanda aka yanke wa hukunci. Masu jiran shari'a ake ce musu. Wanda ke kwana kusa da shi wani tela ne daga Riko, Zunnuraini, siriri mai tari, mai ladabi kamar malamin makaranta. An kama shi ne saboda an sami wata riga da ya ɗinka a jikin wani ɗan fashi. Shekara shida ke nan. Fayil ɗinsa ya ɓace tsakanin ofis da ofis, kuma tunda ba fayil ba shari'a, tunda ba shari'a ba sallama.

Shi ya karantar da Ya'u yadda abin ke tafiya. "Za a kai ka kotu bayan sati biyar ko shida. Wata rana a ce alƙali ya tahi taro. Wata rana mai gabatar da ƙara bai zo ba. Wata rana motar gidan nan ba mai. Ran da duk suka haɗu, sai a ce ana jiran shawara daga sama. A ba ka wata rana. Kada ka riƙa ƙirga kwanaki, Malam Ya'u, ƙirga ita ke kashe mutum a nan."

Ya'u bai ji ba. Ya riƙa ƙirgawa da tsinke a jikin bango.

A wata na huɗu wansa Badamasi ya zo ziyara da fara'a, Hajjo na biye da shi. Badamasi dillalin dabbobi ne, mutum mai sanin ƙofofi. Ya ce ya yi ta zirga-zirga, an samo mafita. Za a sauya tuhumar zuwa ƙarama wadda majistare zai iya yanke wa hukunci. Abin da ake so kawai Ya'u ya ce ya amsa laifi. A ci shi tara, dangi su haɗa su biya, gero da shanu su zama na hukuma, ya kwana a gida ranar nan.

"In ce na yi me?" in ji Ya'u.

"Ka ce ka amsa, shi ke nan. Kalma ɗaya ce."

"Yaya, in tsaya gaban alƙali in ce geron da na shuka a gonar ubanmu na sata ne?"

"Ba sata aka ce ba, fasa-ƙwauri."

"To in na amsa, gonar ta zama me? Baɗi in na je girbi, da wane baki zan ce tawa ce? Baba da ya yi shekara sittin yana ɗauko hatsi ta hanyar nan, shi ma ɗan fasa-ƙwauri ne? Ka je kabarinsa ka faɗa masa."

Badamasi ya fusata. "Kai wa ka fi? Manyan mutane ma suna amsawa su fita! Hukuma ce fa, ba a ja da ita. Wanga taurin kai naka wa zai ciyar?"

Sai Hajjo ta sa baki. "Malam, rumbu ya kusa ƙarewa. Ɗiyanka biyar. Damina na tahowa, ba sa, ba garma, ba kai. Kana nan kana gardama da gwamnati, ni kuma in yi gardama da wa? Da tukunya?"

Wannan ta soke shi fiye da marin da ya sha. Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya ce, "Hajjo, ki yafe mini. Ba zan iya ba."

Badamasi ya kaɗe rigarsa ya fita, bai sake zuwa ba. Hajjo ta yi watanni ba ta zo ba. Da ta dawo, tafin hannunta duk kanta. Ita da 'yarsu babba, Hassana, suka shuke ɓangaren kudu da fartanya. Ɓangaren arewa kuwa, mai albarkar, ba wanda ya yi ƙarfin halin tsallakawa, ciyawa ta cinye shi. Ba ta sake ce masa ya amsa ba. Ba ta kuma ce ta yafe ba.

Cutar korona ta zo, aka rufe kotuna, aka hana ziyara. Watanni suka wuce ba a kira kowa ba. A cikin wannan rufewar tarin Zunnuraini ya tsananta. Ya'u ya yi ta buga ƙofa yana kiran gandurobobi, aka kawo ƙwayoyi biyu a takarda. Ranar wata Asabar bayan azahar tela ya cika, kansa a kan cinyar Ya'u. Aka naɗe shi a bargo aka fita da shi. Ba a taɓa ce masa ya yi laifi ba, ba a taɓa ce masa bai yi ba.

Da aka buɗe kotuna aka kai su Ya'u. Yana zaune a benci da ankwa, sai ya ji magatakarda ya ɗaga takarda ya kira, "Zunnuraini na Riko!" Shiru. Ya sake kira. Mai gabatar da ƙara ya miƙe, ko takardarsa bai duba ba, ya ce suna roƙon a ƙara musu lokaci, bincike bai kammala ba. Alƙali ya ɗauki biro zai ba da rana.

Ya'u bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Ya mutu!" Muryarsa ta cika ɗakin. "Wata uku ke nan da mutuwarsa! A hannuna ya mutu! Wane bincike kuke yi a kan mutumin da ke kabari? Shekara shida da rabi kuna ɗage masa rana, yanzu Allah ya ba shi ranar da ba ku iya ɗagewa. Ku ji tsoron Allah! Ko sunan wanda kuka kashe ba ku cire daga takarda ba!"

Aka yi ta buga tebur. Gandurobobi uku suka danne shi suka fitar. Wannan ta jawo masa sati biyu a ɗakin horo shi kaɗai. Amma a cikin lauyoyin da ke zaune a gaba ranar nan akwai wata matashiya, Barista Safiyatu, 'yar asalin Farfaru, wadda ke aiki da wata ƙungiyar lauyoyi masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Ta rubuta sunansa.

Da ta zo gidan yari, Ya'u bai saki jiki da ita ba. Ya ce in amsa laifi ta kawo masa, ta koma da abinta.

"Baba, ban zo da wannan ba. Kwana nawa ka yi kafin a kai ka gaban alƙali?"

"Sha ɗaya."

"An faɗa maka laifinka a rubuce, da harshen da kake ji?"

"Yatsana suka murɗe."

Ta ciro wani littafi daga jakarta, ta ce wannan shi ne tsarin mulkin ƙasa, uwar duk dokoki, wanda shugaban ƙasa da alƙalai ke rantsuwa za su kiyaye. Ta buɗe sashe na talatin da biyar, ta riƙa karantawa tana mayar masa da Hausa. Wanda aka kama, a faɗa masa dalili cikin kwana ɗaya, da harshen da yake fahimta. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya in kotu na kusa, ko biyu in da nisa. In an tsare shi wata biyu ba a fara shari'arsa ba, a sake shi, ko da sharaɗi ko babu. Wanda kuma aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, yana da haƙƙin diyya da ban-haƙuri a bainar jama'a.

Ta zaci zai yi murna. Bai yi ba.

"Tun yaushe aka rubuta wannan?"

"Ya fi shekara ashirin, Baba. Kafin shi ma akwai irinsa, tun lokacin samun 'yanci."

"Alƙalin nan ya san da shi?"

"Ya sani."

"Mai gabatar da ƙara?"

"Duk sun karanta shi a makaranta."

Ya'u ya dafe kansa da hannu biyu. Duk tsawon zamansa yana ɗauka doka ce ta zalunce shi, yana cewa dokar Nasara ce, ba ta san gona ba. Ashe dokar tana gefensa tun ranar farko, masu riƙe da ita ne suka zauna a kanta. "Wata biyu," ya ce. "Tela ya yi shekara shida da rabi. Ɗiyata, da ba su sani ba da na yafe. Sun sani!"

Safiyatu ta kai maganar babbar kotu. Ta je Magama ta ɗauki hoton gonar da sandan ƙarfen, ta samo mai unguwa da dattawa biyu da za su yi shaida. Aka aika wa masu gabatar da ƙara sammaci sau uku, ba wanda ya zo. Jami'an da suka kama shi an daɗe da yi musu canjin wurin aiki. A zama na huɗu, cikin bazarar 2021, alƙaliyar ta ce tunda masu ƙara sun kasa gabatar da komai, ta kori ƙarar da ake yi masa, a sallami Ya'u.

Ya ɗaga hannu. Safiyatu ta yi masa alama ya bari, bai bari ba.

"Ranki shi daɗe, na yi laifi ko ban yi ba?"

Alƙaliyar ta dube shi ta saman tabarau, ba da faɗa ba. Ta ce ba a saurari shari'ar ba balle ta ce wani abu a kan wannan. An kori ƙara ne kawai.

"To wata goma sha bakwai ɗin da na yi, na mene ne?"

Aka kira ƙara ta gaba.

Kafin ya je gida sai da ya sa Safiyatu ta raka shi inda aka ajiye kayansa a matsayin shaida. Suka tarar da amalanken a bayan wani fili cikin matattun motoci, ba tayoyi, gara ta cinye katakon. Gero, aka ce ya lalace an zubar. Shanu kuwa, wani jami'i ya daɗe yana bincike a durowa, ya fito da rabin takarda mai hatimi: sun mutu da ciwo, su biyun, rana ɗaya, sati guda bayan kamun. Daga baya wani mahauci a Jibiya ya ja Ya'u gefe ya ce masa shi ya ga jan san nan da idonsa ana loda shi a motar kudu, lafiyarsa ƙalau. Da aka ce ya zo kotu ya faɗa, sai ya ce shi yana da iyali.

Ya koma Magama ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Mutane suka zo barka, amma ya lura da yadda wasu ke kallonsa. Magana ta riga ta zaga cewa ai ya amsa da bakinsa, an ga takarda da yatsansa. Abin ya fito fili ne wata uku bayan haka, da rikicin iyakar gona ya tashi tsakanin maƙwabtansa biyu, aka zauna a zauren mai unguwa. Ba wanda ya kai Ya'u sanin iyakokin wurin. Ya fara magana ke nan sai ɗaya daga cikin masu rikicin ya ce, "A gafarce ni, ban karɓi shaidar wanda ya fito daga gidan kaso ba." Ba wanda ya tsawata masa. Ya'u ya ɗauki takalmansa ya fita.

Washegari ya shiga mota zuwa Katsina. Ya ce wa Safiyatu, "Wancan wurin da kika karanta mini, na ban-haƙuri. Shi nake so."

Ta faɗa masa gaskiya: zai ɗauki lokaci, kuma ko an ci nasara ba lallai su bi umarni ba. Ya ce ya ji. Ma'aikatan kotu suka shiga yajin aiki, aka jira. Aka dawo, aka shigar da ƙara, aka fara ɗagewa. Wannan karon da ƙafarsa yake zuwa. Bai taɓa fashi ba, ko ranar shuka ce. Hajjo ta yi mita har ta gaji, daga baya ita ke tashinsa ta ɗaura masa ƙuli-ƙuli a leda.

Shekara biyu da wani abu aka yi. Ranar hukunci alƙali ya daɗe yana karatu da Turanci, Safiyatu na rubutu, Ya'u na kallon bakinta. Da aka fito ta riƙe hannun rigarsa tana dariya. Kotu ta ce kamun da tsarewar sun saɓa wa tsarin mulki. Ta ce takardar da aka dangwala masa ba ta da daraja ko ta ƙwayar zarra. Ta ce a biya shi diyya, a kuma ba shi haƙuri a fili.

Diyyar, hukuma ta ɗaukaka ƙara a kanta, har yau tana can. Ban-haƙurin kuwa, bayan wata takwas da wasiƙu huɗu, aka buga shi a wata jaridar Turanci da ko a Katsina da wuya ka same ta. Safiyatu ta kawo masa shafin har gida. Wani ɗan gurbi ne a can ƙasa, bai kai faɗin akwatin ashana biyu ba, tsakanin tallan fili da sanarwar canjin suna. Sun rubuta sunansa ba daidai ba, sun ce shi mutumin wani gari ne daban.

Ya juya takardar gaba da baya. "Wa zai karanta wannan a Magama?"

"Ba kowa, Baba."

"A gaban mutane suka mare ni. A gaban mutane aka ƙi shaidata. Su kuma sai su ba ni haƙuri a ɓoye, da yaren da ba na ji, da sunan da ba nawa ba?" Ya miƙa mata jaridar. "Riƙe abinsu. Ki ba ni takardar alƙali, ki rubuta mini ita da Hausa."

Ranar Lahadi, kasuwar Jibiya na tsakiyar ci, ya je wurin wani mai tallan maganin gargajiya ya ari lasifikarsa. Ya tsaya a bakin kara, inda ake cinikin shanu, inda ya san Badamasi na nan, inda ya san mutanen Magama da na Riko da na Farfaru da fataken Maraɗi duk suna nan. Hassana ta tsaya gefensa da takardar, ta karanta da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe, muryarta na fita ta lasifikar tana karo da kukan shanu. Ciniki ya tsaya. Da ta gama ya karɓi abin maganar.

"Ni ne Ya'u na Magama. Kun ji abin da alƙali ya ce. Ban yi fasa-ƙwauri ba, geron gonata na ɗauko. Masu bindiga suna ratsa dajin nan dare da rana su kwashe mutane, ba a tare su ba, ni aka tare da amalanke. An cinye mini shanu, an cinye mini wata goma sha bakwai. To ku ji abin da ba a faɗa muku: in an kama naku, kwana ɗaya ne ko biyu a kai shi gaban alƙali. A rubuce yake. Kada ku dangwala abin da ba a karanta muku ba. In an ce ku amsa ku huta, ku tambaya me za ku amsa."

Wasu jami'ai biyu da ke tsaye nesa kaɗan suka dubi juna, ba su matso ba. Badamasi yana riƙe da igiyar wani bijimi, bai ɗago ba, bai kuma bar wurin ba. Har yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

Yana naɗe takardar sai wata mata mai goyo ta ratso mutane ta durƙusa gabansa. Ta ce daga Riko take. An kama mijinta da jarkar fetur biyu da zai kai wa injin ban-ruwansa, ba ta san ma inda aka kai shi ba.

"Kwana nawa yau?" in ji Ya'u.

"Wata huɗu, Baba."

Ya ji abin ya taso masa sabo fil. Ya ce ta faɗa wa Hassana cikakken sunan mijin da ranar da aka kama shi, a rubuta. Sannan ya ce ta same shi a tashar motar Katsina gobe da sassafe su je wurin Barista Safiyatu, ta zo da katin shaidar mijin in akwai, kada kuma ta ba kowa ko sisi a hanya.